Takalman Kaka a Ƙofar Melaka

Idan ruwan sama ya sauka a kan jan bulo mai zafi, akwai ƙamshin da yake tashi, irin na sabuwar randa. Jiya na ji shi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Bukit Jalil, nan Kuala Lumpur, inda ake wani gini, sai na tsaya cak har jirgi biyu suka wuce ni. Kakana na tuna.

Shekarata goma lokacin da ya zo. Baba yana karatun digirinsa na uku, muna zaune a hawa na goma sha huɗu, ni kuwa, in gaya muku gaskiya, Hausata ba ta wuce ta neman abinci ba. A yi mini magana da Hausa, in mayar da Turanci ko Malayanci, yaren mutanen ƙasar. Labarin nan ne ya isa Kano, ya taso tsohon da ko Kaduna ba ya son zuwa. Sunansa na ci, ya kuwa ce ba zai mutu ya bar takwaran da ba su taɓa hira ba. Mako uku ya zo yi.

Mako biyu suka tafi a banza. Ya tsokane ni, wai ya ji labari ina neman ƙwace masa mata, wato kakata, sai mun je gaban alƙali. Ni sai in ce masa "okay lah" in koma kan wasan kwamfutata. Magini ne, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Yini yake a baranda yana kallon dogayen benaye yana girgiza kai, wai an tara mutane a sama kamar tantabaru.

Asabar ɗin ƙarshe Baba ya ce mu tafi Melaka, tafiyar awa biyu a mota, don Kaka ya ga ginin da ya girme shi. Ganuwa ce da Turawan Fotugal suka gina kusa da bakin kogi don su tsare hanyar jiragen ruwa, amma abin da ya rage ƙofa ɗaya ce tal ta jan dutse, da tsohuwar igwa a gabanta. Mun isa an yi ruwa an ɗauke, ƙasa tana huci. Wani dattijo ɗan garin yana yi wa baƙi bayani da Malayanci, Malayancin Baba kuma na cefane ne, don haka aka tura ni tafinta. Ranar aka fara ganin amfanina.

Kaka ya shafa bangon ya daɗe. Ya ce duwatsun nan ba daga wuri ɗaya suke ba, in tambayi mutumin inda aka samo su. Dattijon ya ce da Turawan suka ci garin da yaƙi, masallaci suka rushe, suka tumɓuke duwatsun kaburburan sarakuna, suka sa waɗanda suka kama suka yi dakonsu. Daga baya Turawan Holan suka ƙwace ganuwar, na Ingila kuma suka tashe ta da albarushi. Na harhaɗa wannan da 'yar guntuwar Hausata, ina tuntuɓe, Kaka ya sunkuyo yana saurare kamar mai jin karatu. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba.

Sai ya tuɓe takalmansa ya miƙo mini. A wurinsa, inda duk dutsen kabarin Musulmi yake, wurin ya zama maƙabarta, kuma ba a wuce maƙabarta ba a yi wa mutanenta sallama ba. Ya fuskanci bangon ya buɗe hannu. Ga masu yawon buɗe ido cike da wurin, ga kekuna masu furanni suna ta kiɗa, ga ayarin 'yan makaranta sa'annina da suka fara nuna ƙafafunsa suna ƙunshe dariya.

"Takwara, matso kusa da ni," in ji shi. "Abin da na faɗa ka faɗa. Ba shi da tsawo."

Kunya ce ta rufe ni. Na ajiye takalman a cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa, na je na ɓuya a bayan Mama. Baba ya yunƙuro zai yi mini faɗa, Kaka ya ɗaga masa hannu.

"Ƙyale shi. Wani jiƙon mu yi."

Ya ƙarasa addu'arsa shi kaɗai, ya sunkuya da kansa ya ɗauki takalman, ya sa su a jiƙe. A hanyar dawowa har ya sa aka tsaya aka saya mini ƙanƙara mai madarar kwakwa. Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Bayan kwana huɗu muka raka shi filin jirgi, shekara ba ta zagayo ba aka bugo wa Baba waya.

Sai da na gama jami'a na taka Kano. Baffana, ƙanin Baba, ya kai ni maƙabarta. Can ba a kafa dutse, ba a rubuta suna, damina kuma ta daɗe da baje ƙasar. Ya nuna tsakanin wata bishiyar darbejiya da katanga ya ce nan wajen ne dai. Ya ja baya ya bar ni, ni takwara, in fara addu'a, na buɗe hannu na rasa abin faɗa.

Har yanzu a Kuala Lumpur nake. Benayen sun ninka, ɗana kuma da Turanci yake amsa mini, ba na iya yi masa faɗa. Hausar nan da kuke karantawa daga baya na zauna na koye ta, da wahala, ina ƙato. Bakina ya buɗe sarai yanzu, sai dai wanda ya ƙetaro teku takanas don ya ji ta ba ya nan.