Fan Kam-mui, Wadda Ta Faɗi Abin da Masunta Suka Ɓoye

Da safiyar Laraba, 14 ga watan Mayu, Yuk-lin ta bugo mini waya ta ce mahaifiyarta, Fan Kam-mui, ta rasu bayan jinyar mako uku. Shekarunta tamanin da ɗaya. A Sham Lek, ƙauyenmu na masunta da ke yammacin Hong Kong, babba da yaro Gwaggo Kam suke kiranta.

Gwaggo, a cikin kwalekwale aka haife ki, kuma kin haura talatin kafin ki kwana a ɗakin da ba ya rawa. Ba ki taɓa shiga aji ba. Duk da haka, ruwan da yake kaɗawa a mashigin Sham Lek a yau, da bakinki kika tsare shi.

Mutanenmu sun gaji wata al'ada: ba a ambaton farin dolfin, wata dabbar teku mai kama da babban kifi. Wanda ya gan shi ya ɗago don shan iska sai ya kau da kai, ya kunna turare in ya koma gida, ya ja bakinsa ya yi shiru. An yi imani cewa duk wanda ya ce ya gan shi, tarunsa wayam zai dawo, ko ruwa ya ci wani nasa.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, wani kamfani ya nemi cike mashigin da yashi da duwatsu don ya gina benaye. Doka ta ce sai an binciki abin da ke rayuwa a ruwan tukuna. Masu binciken suka fita kwana shida, suka yi rashin sa'a ba su ga komai ba, sai suka bi gida-gida suna tambaya. Masunta talatin da huɗu, kowa ya ce bai taɓa gani ba. Rahoto ya fito cewa babu dolfin a Sham Lek, mu ma muka buga shi haka a jaridarmu. Saura sa hannu a kan izinin kamfanin kawai.

Ranar jin ra'ayin jama'a, a zauren makarantar ƙauye, kika miƙe da hular kabarki a hannu.

Kika ce, "Yallaɓai, kun tambayi maza talatin da huɗu, tsoro ne ya ba ku amsa. Ni ku tambaye ni."

Shek Tai-hei, ƙanin mijinki, ya ce, "Matar Yaya, zauna don Allah! Kina da 'ya'ya a kan ruwa fa."

"Kai Tai-hei, ina wannan kunyar take ranar da dolfin nan mai yankakken fiffike ta yashe maka taru? Har ƙetare an ji ashar ɗinka."

Zauren ya kece da dariya, har da waɗanda gabansu ke faɗuwa. Sannan kika lissafo dolfin ɗin mashigin ɗaya bayan ɗaya, goma sha bakwai, kowanne da alamarsa: mai tabon farfela a gadon baya, tsohuwar da ta rine ta koma ja-ja, uwar da ke shayar da ɗanta a bakin rafi duk bazara. Shekara hamsin kina ganinsu ba ki gaya wa kowa ba. Da bazara ta zo kika ɗauki masu binciken a jirginki, kika kashe inji inda ya kamata. Cikin safiya uku suka ɗauki hoton goma sha huɗu, alamun suka zo daidai da yadda kika faɗa. An sake rubuta rahoton, aka hana kamfanin izini.

Ba a banza kika sha ba. A wannan shekarar, jatan lande ya yi ƙaranci, mutane suka ce bakinki ne. Maƙwabta suka daina sayen daddawar jatan landen da kike shanyawa a ƙofar gida. Ranar bikin tseren kwalekwale ba a ajiye miki kujera ba. Na tambaye ki ko kin yi nadama, kika ce, "Ɗan jarida, ruwa ya yi zafi, jatan lande ya gudu. Bakina murhu ne?" Kika tura mini kwanon faten shinkafa da busasshen kifi, kika ce in ci in bar surutu. A cikin shekarar ce injin jirgin Tai-hei ya mutu a tsakiyar ruwa, lokacin wata biyar ke nan bai gaishe ki ba. Ke kika jefa masa igiya kika jawo shi gida, ba ki taɓa yi masa gori ba.

Yanzu wani kamfanin ya sake neman arewacin mashigin, za a yi zaman jin ra'ayin jama'a a farkon watan gobe. Jiya Yuk-lin ta nuna mini takardar masu son ba da shaida. Masunta goma sha tara ne, yawancinsu daga cikin talatin da huɗun nan. Wasu ba su iya rubutu ba, dangwale suka yi. Kowannensu ya amince zai tsaya gaban jama'a ya ce ya gani.

Allah Ya ji ƙanki, Gwaggo Kam, Ya yafe kurakuranki, Ya saka miki da alherin da kika yi wa mutane da halittun da ba su da bakin magana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yuk-lin da ƙannenta Wing-fat da Siu-ping, da Tai-hei, da dukan jama'ar Sham Lek. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya ba ku ƙarfin zuciya irin nata ranar zaman.