Shekara Biyu Muna Shan Maganin Basir

Jama'ar zaure, assalamu alaikum. Wata tara ba ku ji ɗuriyata ba. Yau na samu ƙarfin takowa kafen intanet in faɗa muku dalili.

Jini na fara gani a bayan gida. A Azare kuwa duk jinin da ya fito ta ƙasa sunansa basir. Ni da aminina Malam Buba, manomi a Gamawa, ciwonmu ɗaya, mai maganinmu ɗaya a kasuwa. Shekara biyu muna raba galan ɗin jiƙo, muna yi wa juna tsiya kan wa ya fi ramewa.

Da wando ya daina zama a ƙuguna, Hajiya matata ta kai ni asibiti. Ashe likitan ɗalibina ne na firamare. Ya sa safar hannu ya ce, "Malam, a yi haƙuri, sai na duba da yatsa."

Na ɗaure tazugena na fita. Yaron da na koya wa baƙi da wasali! Kunyar nan ta ci mini wata huɗu.

Hajiya ce ta gaji ta ce, "Malam, mai wankan gawa ma ai zai gani."

Na koma.

Aka tura ni Kano. Yini guda ba abinci sai maganin wanke ciki, sannan aka zura kyamara. Sankarar hanji ce. Na tsorata ƙwarai. Aka yanke wurin, aka bi da allurai masu zubar da gashi. Kuɗin sallamata na aiki ya ƙare, filina na hanyar Gadau ya bi shi.

A layin asibitin Kano na haɗu da wani Alhaji, lafiyarsa ƙalau, wai don ya haura hamsin ya zo a duba shi. Ban taɓa sanin ana zuwa asibiti ba ciwo ba. Ashe masu hali sun daɗe da sani.

Daga gadon asibiti na aika wa Buba ya zo a duba shi. Ya ce sai ya sayar da wake. Ya rasu waken na gona.

Alhamdulillahi, na warke. Na gode wa Hajiya, na gode wa ɗalibina.

In ka haura hamsin, je a duba ka, ko gwajin bayan gida ne. In ka ga jini, kada ka raɗa masa suna da kanka. In kuma amininka ba shi da kuɗin mota, kada ka aika masa saƙo kamar yadda na yi. Je ka ɗauko shi.