Fim ɗin da Ya Sa Baba Shakkar Kansa

Shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, a shekarar ne yanar ido ta gama rufe idon Baba. Tun yana saurayi yake wankin hula a bakin lungunmu a Yakasai, sai ga shi ya dawo cikin gida ya zauna. Makantar ba ta ba shi tsoro kamar gigin tsufa ba. Ya ga yadda yayansa ya ƙare, bai san 'ya'yansa ba, yana tambayar hanyar gida alhali yana zaune a tsakar gidan. Baba yakan ce, "Ido dai ya tafi, Allah Ya bar mini kaina."

Ni ce idonsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na. Idan na taso daga makarantar da nake koyarwa, aka yi la'asar, masu wuta kuma suka ga dama, sai in sa mana kaset a bidiyo. Shi yana jin magana, ni ina gaya masa wa ya shigo, wa ya ɓuya a bayan ƙofa.

A cikin finafinan da muka kalla akwai guda na 'yan fashi da ya shiga ransa. Jarumin wani tsoho ne mai bincike, takalminsa wari da wari, yana hira da kekensa kamar mutum. Idan zai yi wa wanda ake zargi tambaya, sai ya rufe ido ya saurari muryarsa. A ƙarshe ma da shinshina hula ya gano shugaban ɓarayin. Ranar Baba har tafi ya yi.

"Kin ji ko, Uwata? Wallahi gaskiya ne. Kowane kai da warinsa. Ni ma a ba ni hular mutum yanzu, in gaya miki mai ita."

Sau nawa muka maimaita kaset ɗin ban sani ba. Har Baba yake riga ni faɗin abin da zai faru, yana murna kansa na nan daram.

Da na ji na biyu ya fito, da kaina na je shagon haya a Shahuci na karɓo. Hoton tsohon ne ya cika kwalin, shi da kekensa. Maƙaryata! Ko minti biyar ba a yi ba aka buge shi da mota, aka kwantar da shi a asibiti, aka naɗe masa baki da bandeji. Mutumin da bakinsa ne fim ɗin gaba ɗaya! Sai aka kawo mana wani saurayi mai baƙin tabarau da bindigar roba, wanda bai iya komai ba sai tsallake katanga.

"Ina tsohon?" in ji Baba.

"Yana asibiti, Baba. Yanzu zai tashi."

Bai tashi ba. Wata jaka da aka fara fim ɗin ana nemanta aka manta da ita, aka koma neman wata yarinya da ba wanda ya gaya mana 'yar waye. Ana tsakiyar bin ɓarawo sai ga rawa da waƙa a lambu. Ɗan wasa guda ya fito a ɗan sanda, can ya fito a ɗan fashi, kuma ba a ce tagwaye ba ne. Sannan shugaban ɓarayin, wanda aka yi wa sallah aka binne a kaset na farko, ya shigo yana tuƙa mota.

Baba ya karkata kai. "Wannan ba muryar wanda ya mutu ba ce?"

"Ita ce."

"To yaya aka yi ya dawo?"

"Ba su faɗa ba."

"Sun faɗa mana. Ni ne dai ban riƙe ba. Mayar da shi baya."

Na mayar, muka sake ji. Na sake mayarwa. Babu bayani, don waɗanda suka yi abin su ma ba su da shi. Ina ta zagin su, ban lura da halin da Baba ya shiga ba. Da aka rubuta ƙarshe, tsohon na kwance da bandejinsa, sai ya ce a hankali, "Uwata, gaya mini tsakaninki da Allah. Ya fara ne?"

Na gane gigin tsufa yake nufi. Na rantse masa cewa ni mai ido biyu ban fahimci komai ba. Washegari na zaunar da Inna da yayana suka kalla a gabansa. Inna ta yi tsaki ta tashi tun ba a yi rabi ba, yayana ya ce shirme ne zalla. Baba ya yi murmushi.

"Allah Ya yi muku albarka. Haka muka riƙa yi wa marigayi Yaya, idan ya ruɗe mu ce mu ma mun manta."

Wannan maganar ce ta sa har yau ban huce ba. Daga baya na ji ana cewa saɓani aka yi da tsohon, shi ya sa aka rufe masa baki aka ƙarasa aikin a gurguje. Ina ruwan Baba da saɓaninsu? Shi ya ɗauka duk wanda ya tara jama'a zai ba su labari, to ya san kan labarinsa. Bai taɓa kawo wa ransa cewa mutane za su yi wannan ganganci su sa a kwali su fitar ba, don haka ya ɗora wa kansa laifin.

Bai ƙara yarda an sa masa kaset ba, har na farkon. Idan na ɗauko sai ya ce, "Bar shi, Uwata, kada in wahalar da ke." Ina jin sa wani lokaci shi kaɗai yana jero sunayen unguwanni, daga Yakasai zuwa Sheshe, yana gwada kansa.

Ya yi shekaru bayan nan, kuma gigin bai taɓa zuwa ba. Har ciwon ajalinsa da takun ƙafa yake gane kowannenmu. Ana jibi zai rasu, ina ba shi kunu da safe, ya riƙe hannuna.

"Uwata, yanzu ai babu abin ɓoyewa. Mutumin nan da aka binne, yaya aka yi ya dawo?"

Na ce, "Wallahi Baba ba su faɗa ba."

Ya gyaɗa kai, ya saki hannuna. Na san bai yarda ba.