Lambar Ummu Ragab Mai Lalle

Daga Darawu har Edfu, a kudancin Masar, ba a cewa amarya ta gama shiri in hannun Ummu Ragab bai bi ta jikinta ba. A Kom Ombo take, bayan masana'antar sukari, a wani gida mai ɗaki biyu da kullum yake ƙanshin lalle da sukarin da aka dafa da lemon tsami. Tana da shekara talatin da ɗaya mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Wata tsohuwa Banubiya, maƙwabciyarta, ita ta ja ta a jiki, ta koya mata dilka da halawa da zanen lalle, tana yi tana ƙwala mata cokali a bayan hannu in zane ya karkace. Da wannan sana'a ta aurar da 'ya'yanta mata biyu, ta tsaya wa ɗanta Ragab har ya zama malamin makaranta.

Ba ta da shago, ba ta da allo. Duk arzikinta lambar waya ce guda ɗaya, mai bakwai har sau huɗu a jere a ƙarshe, wadda ko tsohuwar da ta manta sunan jikanta ba ta mantawa. Shekara goma sha shida uwa tana ba 'ya, 'ya tana ba ƙawa. Sai dai fa zanen aro ba ya rufe katara. Lambar tana cikin tsarin iyali na yayanta, Hajji Abdussattar, layi shida a ƙarƙashin sunansa: nasa, na matarsa, na 'ya'yansa uku, da nata. Shi ya miƙa mata layin bayan takaba, da kyakkyawar niyya, kuma ba ta taɓa tunanin akwai ranar da hakan zai zama magana ba.

Ranar ta zo wata Laraba, bayan an gama sarar rake. Hajji ya shigo da rawaninsa da sandarsa da gashin bakin nan nasa da yake ji da shi, ya sha shayi kofi biyu, sannan ya ce zai buɗe shagon taki da irin shuka, kuma lambar nan mai bakwai-bakwai ita za a rubuta a allo.

"Ke kuma na sa a fitar miki da sabuwa. Lamba ai lamba ce."

"Yaya, wa zai bi ƙauyuka arba'in yana shelar sabuwar?"

"In suna sonki za su nemo ki."

Ta ƙara masa shayi. Ta ce ta riga ta tambaya a ofishin kamfani. Abu ne mai sauƙi: su je tare, kowa da katin shaidarsa, ya sa hannu a takardar tanazul, a cire lambar daga tsarinsa ta koma sunanta.

To, nan ta taka wutsiyar maciji. A ofishin waya, tanazul sunan takarda ne kawai. Amma a wajen Hajji Abdussattar, wanda ya shekara ashirin ana kiransa zaman sulhu tsakanin dangi da dangi, tanazul shi ne abin da wanda aka fi ƙarfi yake yi: ya janye, ya sunkuyar da kai a gaban jama'a. Ya ajiye kofi har sai da shayi ya fantsama.

"Tanazul? Ni? Ubanmu ko taƙi ɗaya na gona bai taɓa yin tanazul da shi ba. Sai ni, a kan waya, kuma ga ƙanwata?"

Ummu Ragab ba mai jayayya ba ce. Wanda ya saba zaunar da amarya awa huɗu ba motsi ya san amfanin shiru. Ta ciro tsinke daga ɗankwalinta, ta zaro layin daga waya, ta ɗora masa a tafin hannu.

"Gaskiyarka, Yaya. Kayanka ne. Allah ya sa albarka a shago."

Ya fita yana murza gashin baki. Ita kuwa da ta rufe ƙofa sai ta zauna a ƙasa ta yi kuka, don tsoro ya kama ta ƙwarai. Lokacin bukukuwa ne, kuma amarya ba ta jira. In an kira sau biyu ba a same ta ba, akwai 'yan mata masu shaguna a bakin titi da za su cafe aikin. Kwana uku wayarta na kan tabarma ba ta ko tari. Ta wanke kwanukan lalle, ta sake wanke su.

Can gefen Hajji kuwa, idonsa ya fara raina fata tun kafin la'asar. Yana zaune a gidan shayi cikin manya waya ta yi ƙara, ya ɗauka cikin kasaita, sai wata mata ta fara ba sallama: "Ummu Ragab, yarinyar nan halawar jiya ta yi mata ƙuraje a..." Ta ji numfashin namiji, ta yi salati ta kashe. Kafin magariba ya amsa irin wannan sau goma sha ɗaya. Washegari hotuna suka fara shigowa, tafin hannu da ƙafafun amare, kowacce tana tambaya ko wannan zanen zai yi. Matarsa, Hajja Sakina, ta leƙa ta gani. Ranar ya ci wakensa ba mai ba gishiri.

Ta Asabar ce ta karya shi. Yana tsakiyar zaman sulhu a kan rikicin ruwan ban gona, sai ga wani ƙato daga Darawu da 'yan'uwansa biyu, kowa da sanda, yana tambayar wane ne namijin da matarsa ta kira sau bakwai tun jiya. Mai raba faɗa yau shi ake riƙewa. Sai da liman ya rantse cewa lambar mai lalle ce kafin sanduna suka sauka, sannan dariya ta tashi, wadda ta fi sandunan zafi.

Da safiyar Lahadi ya buga mata ƙofa da gindin sanda, bai ko yarda sun haɗa ido ba.

"Ɗauko katinki."

"Lafiya, Yaya? Yaya kasuwar taki?"

"Na ce ɗauko katinki."

Ta sa baƙar rigarta ta fita unguwa da awarwaronta na zinariya guda ɗaya, ta bi shi a baya kamar ba ta san komai ba. A ofis suka tarar da layi har ƙofa. Da aka zo kansu, ma'aikaciyar, wata budurwa mai tabarau, ta karɓi katunan ta ce, "Hajji, kai ne mai yin tanazul?"

Rabin mutanen layin sun san shi. Ya gyara rawani ya ce da ƙarfi, "'Yata, ni kyauta nake yi. Rubuta kyauta."

"Ba mu da takardar kyauta, Hajji. Haka aka buga ta."

Ga kalmar nan a saman takarda, baƙa ƙirin da manyan haruffa. Hajji ya ajiye alƙalami. Ummu Ragab ta ga aikin shekara goma sha shida yana shirin komawa aljihun rigarsa, ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, Allah ya ba ka babban yatsa. Ɗora a kanta. Abin da ba ka gani ba, ai ba ka yi ba."

Ya harare ta. A daidai nan wayar ta fara ruri a aljihunsa, ya zabura kamar an ɗana masa wuta. Ya danne kalmar da yatsa, ya sa hannu a ƙasa, ya zaro layin ya tura mata.

Ma'aikaciyar ta juya wajenta. "Sunan sabon mai layi, cikakke?"

A nan ƙasar ba a faɗin sunan yanka na mace a gaban maza, don haka Hajji ya yi maza ya nuna kati. "Ga shi nan a rubuce, karanta a zuci."

Ummu Ragab ta dafa teburin da hannayenta biyu masu jan lalle. Wani daɗi ya cika mata ƙirji, irin wanda rabonta da shi tun ranar da Ragab ya karɓi takardar shaidar malanta. Ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma zai ji.

"Badriyya Hifni Abdulmaujud. Rubuta da kyau, 'yata, lambata ce."