Gwiwata ta tona min asiri

Jama'a, yau gwiwata ta tona min asiri gaban makaranta duka.

Kun san shekara biyu ke nan ina ɗingishi da sanda, har shugaban makaranta ya ɗauke min fita gudun safe da yara. To yau muka yi gasar wasanni a makarantarmu nan Isa. Ina zaune gefen fili, ina shan zoɓona.

Ashe sabon malamin wasanni da aka turo daga Sakkwato ya zo da 'yar bindigar tashin tsere, bai gaya wa kowa ba. Mu da usur muka saba. Yara sun duƙa za su yi mita ɗari, sai ji muka yi: tau!

A ƙasar nan wa ke jin harbi ya tsaya tambaya? Fili ya watse. Mai ƙosai ta bar kaskonta kan wuta. Ni dai na san na miƙe, ban san inda sandata ta faɗi ba. Sai ji na yi zare ya tsinke a ƙirjina. Baba mai gadi, da ke riƙe da zaren ƙarshen tsere, kunnensa ba ya ji sosai, bai san an watse ba. Ya ɗaga hannuna sama yana cewa, "Na ɗaya!" Yaran duk suna bayana.

Shugaba ya fito daga ƙarƙashin tebur yana kaɗe rigarsa. Ya ce, "Malam Isiyaku, barka da samun lafiya. Litinin kai za ka ja yara gudun safe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, za ni gwada, amma ciwon yakan dawo."

Ya ce, "Ba komai. Bindigar tana ofishina."