Ranar da Gwaggo Ta Zo Ofishinmu

Shekara biyu bayan an canja kuɗi zuwa naira na samu aiki a ofishin gona na Kalgo. Ina da shekara goma sha tara, ban taɓa kwana a wani gari ba sai Gwandu. Aka ba ni teburi a bakin ƙofa, da littafin baƙi, da biro biyu, da tsohuwar tafireta. Aikina in tarbi wanda ya zo, in rubuta sunansa da garinsu da abin da ke tafe da shi, in zaunar da shi kan benci, sannan in shiga in sanar da maigidanmu, babban malamin gona.

Maigidan nan dogo ne, ba ya son surutu. Ranar da na fara ya ce mini, "Ko wane ne ya zo, sai ya shiga littafi kafin ya shiga wurina." Na riƙe maganar nan da hannu biyu. A raina kuwa gani nake idan ba ni, ofishin ba zai buɗe ba.

Wata safiya ina buga takarda sai na ji sallama da muryar da na sani tun ina rarrafe. Gwaggo ce, yayar mahaifina, wadda ta yaye ni. Ta sha lulluɓi, ta rungumo ƙoƙo rufe da faifai. Manoma huɗu daga Dangoma suna kan benci suna jiran layi.

Na durƙusa na gaishe ta, na rage murya na ce, "Gwaggo, lafiya? Ki bari in tashi aiki mu tafi masaukina."

Ta ce, "Ba wurinka na zo ba, ɗan nan. Ubangidanka nika son gani."

Na ɗauka ta zo ta roƙe shi ya riƙa lura da cin abincina. Don in ja lokaci sai na buɗe littafi na ce, "To sai na rubuta sunanki."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Sunana? Ni da na goye ka? Rubuta Gwaggo."

Mutanen benci suka kwashe da dariya. Na rubuta Gwaggo. Na ce, "Daga wane gari?"

"Inda aka binne cibiyarka."

Na rubuta Gwandu. Saura layi na uku. "Me ke tafe da ke?"

"Wanga," in ji ta, ta ɗora ƙoƙon kan teburina ta ɗage faifan.

Tsutsotsi ne, koraye, ƙosassu, cike da ƙoƙon tare da yagaggen ganyen albasa. Tun asuba suke rufe a mota, da suka ga haske sai kowace ta kama gabanta. Wasu suka hau littafin baƙi, wasu suka gangara cikin tafireta, ɗaya ta nufi hannun rigata. Na yi tsalle na ture kujera, ta faɗi da ƙara.

Ƙarar ce ta fito da maigida. Ya tsaya bakin ƙofarsa yana kallonmu. Na fara kame-kame, "Ranka ya daɗe, ai gwaggona ce, yanzu za ta..."

Bai saurare ni ba. Ya sa tabarau, ya ɗauki tsutsa ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa yana juya ta. Ya ce, "Inna, daga ina waɗannan?"

Ta ce daga lambun albasar da marigayi mijinta ya bar mata a fadama. Sun cinye kusan rabi, sun shiga na maƙwabta, an zuba toka ba su ji ba. Da kansa ya ɗaga kujerata ya ba ta, ni ina tsaye. Manoman Dangoma suka matso, ɗaya ya ce shi ma ya ga irinsu a tumatirinsa. Ban taɓa jin maigida ya yi doguwar magana irin ta ranar ba.

Daga ƙarshe ya ce Gwandu ba ta ƙarƙashin ofishinsa, amma malamin gona na can abokin karatunsa ne. Ya sa na buga masa wasiƙa. Na buga, sai ga wani koren tabo a tsakiyar takardar, ashe wata tsutsa ce ta maƙale a cikin baƙaƙen tafiretar. Na ce zan sake. Ya ce, "Bar shi haka, ya gani da idonsa." Ya sa hannu, ya ba ni aron famfon feshi, ya ce in raka ta in kai wasiƙar, in dawo ran Litinin.

A mota ta yi ta ba fasinjoji labari cewa ɗanta ne ke riƙe da ƙofar ofishin gona, in bai yarda ba ko hakimi ba ya shiga. Na ce, "Gwaggo, ai ba haka ba ne." Ta ce in yi shiru in ci ƙosai.

Malamin gona na Gwandu ya zo washegari da magani, aka fesa lambunta da na maƙwabta. Abin da ya rage na albasar ya tsira.

Sai dai labarin mota ya riga ya bazu. Kafin wata ya ƙare mutane suka fara zuwa daga Masama da sauran ƙauyukan kusa da Gwandu, kowa da abin da ya kamo: fara a ƙulle cikin tsumma, gara a gwangwanin madara, wani ma ɓera ya kawo da rai. Maigida ya sa aka kafa mini katako a bango inda zan riƙa jera su, kowane da takardarsa. Ɓeran dai na ce ba zan karɓa ba, mai shi ya jira da abinsa a gindin dalbejiya har aka kira shi.