Ɗan Akwatin da Yaya Ya Bari

Rabon gado aiki ne da ba ya ƙarewa sai ya ƙarar da mai yin sa. Da yayana ya rasu bayan doguwar jinya, ni aka ɗora wa tattara kayansa, don ni ne namijin da ya rage a ɗakinmu. Malamin da ya zo rabon ya ce duk abin da ba ya rabuwa a sayar a zuba cikin dukiya, tunda akwai marayu, haƙƙin maraya kuwa wuta ne. Aka auna gona, aka kai awaki kasuwa, talabijin da farantin sola suka samu masu saye. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Rano inda nake koyarwa da Fassi inda gidanmu yake, har na fara tsanar ƙarar babur ɗina.

Abin da ya rage a ƙarshe shi ne wani ɗan baƙin akwati da bai fi sabulun wanki girma ba, da rimot ɗinsa da kebul. Yaya ya sayo shi a Kano shekarar da albasa ta yi masa kyau. Ana jona shi da talabijin, a buɗe masa data daga wayar hannu, shi kuma ya janyo fim ko wa'azi ko ƙwallo daga intanet. Yana kuma iya ɗauko abin da ke cikin wayar mutum ya haska shi a talabijin. Wannan aikin na biyu shi ya jawo mini wahala.

Yaya ɗan fari ne, don haka Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yarda a kama ta tana kallon fuskarsa. Amma idan ya dawo da la'asar ya haska bidiyon da aka ɗauke shi a gona, yana ɗaga albasa yana dariya, sai ta jawo tabarma ta zauna, wai albasa take kallo. Kowa a gidan ya san ba albasa take kallo ba, kowa kuma ya ja bakinsa.

Ranar da na ɗauki akwatin zan fita, ta tare ni a bakin zaure.

“Kafin ka sayar, ka juye mini gonar albasar nan da ke ciki.”

Na san babu wata gona a ciki. Bidiyon a wayar Yaya yake, ta akwatin yake ratsawa kawai, wayar kuwa ta ɓata a hidimar asibiti. Na dubi Inna, na ce to. Gajiya ce ta amsa, da kuma tausayi.

Duk da haka na kai shi shagon wani mai tura finafinai a memori a Rano, ko Allah zai sa. Ya jona, ya duba ko'ina, ya girgiza kai. Da Yaya ya ajiye bidiyoyinsa a intanet da an samu, amma mutumin da yake kashe data kamar mai kashe fitila don tattalin kananzir, ina zai yarda? Na mayar da akwatin jaka na shiga neman mai saye.

Mutanenmu sun saba da kaset da faifai da memori, abin da ake cikawa a ba ka a hannu. Duk wanda na nuna wa, tambayarsa ɗaya: fim nawa ne a ciki? Wani Alhaji mai shagon taki har kai shi kunne ya yi ya girgiza. Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce wannan ba rumbu ba ne, guga ne. Rijiyar tana can nesa, data ce igiyar, in igiya ta tsinke ba ruwa.

Alhajin ya miƙo mini abina ya ce, “To Malam, ka zo sayar mini da guga, rijiya kuma tana Turai?”

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ba ni da ƙarfin yin fushi. Duk sanda na koma Fassi kuma Inna sai ta dubi jakata, ni kuma in ce ana kan aiki.

A ƙarshe wani mai shayi a Kibiya ya aiko a kira ni. Yana so ya riƙa nuna ƙwallo don samari su zauna a teburinsa, kuma ya fahimci zancen data, abin da ya sa na ji kamar in rungume shi. Ya tayar da janareta, muka jona da talabijin ɗinsa, na buɗe data daga wayata. Sabis ya yi ta wasa da mu, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiyar allo. Can sai shafin farko ya buɗe. A kusurwar sama ga sunan Yaya, ga kuma ɗan hotonsa kamar na katin zaɓe, ya karkata hula. A shagon Rano ban dubi allon ba, ina can bakin ƙofa ina amsa waya.

Mai shayin ya ce, “Malam, sai a goge wannan bawan Allah in sa nawa ko?”

Gaskiyarsa ce. Ba a sayar da irin wannan na'ura da asusun wani a kai, dole a mayar da ita kamar sabuwa, komai ya tafi. Na shiga wurin gogewa, ta tambaye ni ko na tabbata. Na daɗe riƙe da rimot, sannan na zare kebul na ce masa ya yi haƙuri, akwai wadda ya kamata in fara tambaya. Ya bi ni da kallon wanda aka ɓata wa man janareta a banza.

Na sami Inna tana tsince wake a tsakar gida. Na durƙusa na faɗa mata komai: babu gona, babu dariya, babu murya, kuma ba za a taɓa samu ba. Abin da ke ciki suna ne da ɗan hoto, shi ma mai saye zai goge. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta har na zaci ba ta ji ba.

“Uwa tana da sudusi a dukiyar ɗanta,” in ji ta. “Ka gaya wa Malam a yi wa akwatin kuɗi a sa a nawa.”

“Inna, talabijin fa an sayar, sola ma haka. Ba za ki ga komai ba.”

“Kai ka gan shi?”

“Na gan shi.”

Ita ta yi jinyarsa, ita ta ga yadda ciwo ya tsotse shi har ana ɗaga shi da hannu ɗaya.

“Da jikinsa?”

“Da jikinsa, Inna. Har da kumatu.”

Ta share hannunta a zane, ta miƙo tafukanta biyu.

“To kada wanda ya taɓa shi.”